An Ga Akwatunan Yaya Ilu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka ɗauko Yaya Ilu daga ɗakinsa na Agege muka kai shi makwanci. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan sa a yi tuwo a raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. An ga akwatunan da aka ce ya sace, kuma tun ranar da aka gan su zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ga wanda bai san shi ba, sunansa Iliyasu, wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. Mahaifinmu falken shanu ne da jirgin ƙasa ya sauke a Iddo tun yana da ƙuruciya, ya yi zamansa a Agege, a nan aka haife mu duka. Ni na tsaya kusa da sana'ar gida, har yau fata nake saye a kwatar Oko-Oba, in sa mata gishiri, in tura wa masu jima. Shi kuwa tun yana saurayi ya ce warin kwata ya ishe shi. Ya samu aiki a wani kamfanin harhaɗa motoci, ya fara da dako, a hankali a hankali har aka damƙa masa filin akwatuna.

Bari in yi bayanin akwatunan, don ni ma sai da ya zaunar da ni na gane. Mota ba a wuri ɗaya ake ƙera ta ba. Batir daga wani kamfani yake zuwa, kujeru daga wani, gilashi daga wani, kuma kowanne da irin akwatin ƙarfen da ake zubo shi a ciki don kada ya fashe ko ya kwarzane a hanya. Akwatunan ba na yarwa ba ne. In an kwashe kayan ciki, sai a mayar wa mai batir nasa ya sake cikowa, kamar dai yadda ake mayar da kwalaben lemo. Idan akwati ya maƙale a wani wuri, mai batir ya rasa abin zubo batir, aikin haɗa mota ya tsaya cik, manya su fara gumi a ofis. Aikin Yaya Ilu shi ne ya san inda kowane akwati yake, wa ya fita da shi, kuma yaushe ya kamata ya dawo.

Da ilimin kara ya yi aikin. A kara, wato kasuwar shanu, in ka sayi sa sai ka shafa masa shaidarka da fenti, yadda ko ya shiga cikin shanu ɗari za ka hango naka. Shaidar gidanmu zane biyu ne a tsaye da ɗigo ɗaya a tsakaninsu, da shuɗin fenti. Yaya Ilu ya sayi gwangwanin fenti ya bi akwatunan kamfanin nan ɗaya bayan ɗaya yana sa musu, a kusurwar sama ta hannun hagu, inda mai tuƙa motar ɗaga kaya zai gani ba sai ya sauko ba. Bayan shaidar kuma ya san su da tabonsu. Zai ce maka mai lanƙwasasshiyar ƙafar nan na mai gilashi ne, yau kwanansa tara a waje, direban da ya fita da shi matarsa ce ta haihu. Mukan yi masa tsiya mu ce Baba ya bar masa garke ya ƙi, ya tafi kiwon ƙarfe. Yakan ce nasa garken ba ya neman ciyawa, ba ya zawo. Har bokitan gidansa da tukwanen matarsa ba su tsira daga shuɗin fentin nan ba.

Amma akwai abu na biyu da ya ɗauko daga kara, shi ne ya kai shi ƙasa. A kara ba a takarda. Mutum ya kama hannunka ya ce ya saya, ka ce ka sallama, magana ta ƙare. Wanda ya ce sai an rubuta masa, to ya kira ka maƙaryaci ne a gaban jama'a, kuma da wuya a sake yin ciniki da shi. Haka muka buɗe ido muka gani, haka Baba ya yi shekara arba'in bai taɓa dangwala yatsa a kan komai ba. Yaya Ilu ya koyi cike takardar fita da kamfani ya ce a riƙa yi wa kowane lodi, yana yi kuma babu fashi. Sai dai a can cikin ransa takarda ta baƙo ce. Wanda kuka ci abinci a kwano ɗaya, bakinsa ya isa.

Akwai ogan sito da ke sama da shi. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi ƙabilarsa ba, don kada wani ya ɗauki zancena ya kai shi inda ban aike shi ba. Abin da zan faɗa shi ne shekara bakwai mutumin nan yana zuwa cin naman layya a gidan Yaya Ilu, ni da hannuna nake cire masa cinya in ɗaure masa a leda ya kai wa iyalinsa.

Wata rana ana jiran manyan baƙi daga ƙasar waje, ana ta shara da goge-goge, aka ce filin ya cushe da akwatunan da babu komai a ciki, ba kyan gani. Oga ya kirawo tirela biyu na haya ya ce a loda. Yaya Ilu ya ce, "Oga, takarda fa?" Mutumin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ilu, na me and you. Load am, I go sign after." Wato tsakanina da kai ne, loda kawai, na sa hannu daga baya. Ya loda. Bai tambayi inda za a kai su ba, bai ɗauki lambar mota ba. Bayan kwana biyu ya tuna masa sau ɗaya, aka ce masa gobe. Bai sake ba, domin a wurinmu tuni na farko tuni ne, na biyu tuhuma ce.

Da aka zo duba kayan kamfani bayan wasu watanni, aka ga akwatuna sun yi ɓatan dabo. Aka kafa kwamiti. Yaya Ilu ya faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. Aka kira oga, ya dubi Yaya Ilu ido cikin ido ya ce shi bai san zancen ba, in da shi ya ba da umarni ai da an ga sa hannunsa. Har yau ban san dalilinsa ba. Wasu sun ce da ma yana da wanda yake so a ba aikin ƙera sababbi, wasu sun ce tsoro ne ya kama shi ya ga ga wanda zai ɗauki kayan. Allah ne masani, kuma yana jiran kowa a madakata.

Kwamitin bai sha wahalar tunani ba. Ga Bahaushe, ga ƙarfe ya ɓace, ga Agege cike da 'yan jari-bola masu sayen tsohon ƙarfe. Suka haɗa ukun nan suka ce sun gano. Masu gadin kamfani suka sa shi a bayan motarsu da rana tsaka, suka shigo da shi unguwarmu, suka bi ta ƙofar gidansa, ta gaban masallaci, ta gaban mai shayin da yake karyawa kullum, suna bin rumfunan 'yan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya suna tona tarkace. Ko ƙusa ba su samu ba. Rashin samun ma sai ya zama hujja, aka ce ai ya riga ya sa an narkar. Kamfanin yana da wurare na kansa da ba a leƙa ba, amma su ɓarawo suke nema, ba akwati ba. Aka sallame shi da takarda mai layi uku, wadda a cikinta aka rubuta cewa ya ci amana.

Abin kamfani ya yi masa ciwo, amma na unguwa ya fi. Shekara da shekaru makullin ɗakin ajiyar masallacinmu yana hannunsa, inda ake ajiye dardumai da injin wuta da makara da kayan haƙar kabari. Ba a yi sati biyu ba na'ibin liman ya same shi bayan sallar La'asar, da murmushinsa, ya ce jama'a sun ga ya sha wahala kwanan nan, suna so su rage masa nauyi. Ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa. Babu wanda ya taɓa ce masa ɓarawo a fuskarsa. Kawai dai in ya zo majalisa sai zance ya canja, in ana neman wanda zai riƙe wani abu sai ido ya tsallake shi. Da ya yi shiru aka ce kunyar asiri ce, da ya yi magana aka ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Daga ƙarshe rumfata ya dawo, yana taya ni sa wa fata gishiri, cikin warin da ya gudar wa tun yana saurayi. Shekara biyu ya yi a haka. Hawan jini ya kama shi, wata safiya ɓarin jikinsa ya mutu, bai yi kwana goma ba ya cika. Da aka tashi ɗauko makara sai da aka aika neman wanda makullin ke hannunsa, muna tsaye a ƙofar ɗakin ajiyar nan muna jira.

Ya bar mata ɗaya, Maman Sa'a, da 'ya'ya huɗu. Sa'adatu ce babba, shekararta goma sha huɗu lokacin. Ta yi karatu, yanzu tana aiki da wani ɗan kamfani mai sa wa kaya na'urar bibiya. Bara aka ba su kwangila a kamfanin da ya kori mahaifinta. Ba ta gaya wa uwarta inda aka tura ta ba, ni kaɗai ta gaya wa, ta ce in rufe.

Ita ta yi mini bayanin abin da suke sawa. Wani ɗan baƙin abu ne da bai wuce kwalin ashana ba, ana kafe shi da ƙusa a jikin akwati. Leburori Hausawa na wurin laya suke ce masa. Kowace laya da lambarta. A ƙofar fita an kafa wata na'ura da ke jin layar ta iska, kamar yadda rediyo ke kamo tasha, ba sai mota ta tsaya an hau an duba ba. Akwati yana wucewa za ta yi ɗan ƙara, nan take kwamfuta ta rubuta cewa akwati kaza ya fita ƙarfe kaza. A ƙofar mai batir ma akwai irinta, a ta mai gilashi ma haka. Yaro a ofis yana kurɓar shayi zai gaya maka inda kowane akwati yake da kwanan da ya yi a can.

Na sha tambayar kaina me Yaya Ilu zai ce da ya ga wannan. Ba na jin zai ƙi ta, shi ba mai gaba da sabon abu ba ne, shi ya fara sayen waya a gidanmu. Ina jin zai juya layar a hannunsa ya yi dariya ya ce ashe shaidar kara ce aka yi wa baki. Wataƙila ma ya ce ya yarda ta san inda akwati yake, amma a tambaye ta ko ta san matar direba ta haihu. Abin da na tabbata shi ne, da akwai ta a ƙofar nan ranar da tirelolin suka fita, da babu ogan da ya isa ya ce bai san zancen ba. Ba na cewa da bai mutu ba, kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma da ya mutu da sunansa, da makullinsa a aljihu.

Sai dai kada a yaudare ku, ba layar ce ta gano akwatunan ba. Da za a fara aikin, sababbin shugabanni suka ce a tattaro duk wani akwati na kamfani a duk inda yake don kowanne ya samu tasa. Aka tuna da wani tsohon sito nasu can gaba da Abule Egba da aka daɗe da daina amfani da shi. Aka tura mota da ma'aikata, har da Sa'a. Kwaɗon ya yi tsatsa, aka sa guduma aka fasa. Iyakar abin da ake buƙata ke nan tun shekara goma sha uku da suka wuce, guduma ɗaya da mutum ɗaya mai niyyar buɗe ƙofa.

Ranar da azahar Sa'a ta same ni a Oko-Oba, ko rigar aikin ba ta cire ba, ta tsallake jini da kashin shanu ta zo har bakin rumfa. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta miƙo mini waya ta ce, "Baffa, duba nan. Wannan ba mark ɗin kan bokitinmu ba ne?"

Na duba. Akwatuna ne jibge har rufi, ƙura ta lulluɓe su, ciyawa ta tsiro ta ƙasan ƙofa. A kusurwar kowanne, sama ta hannun hagu, ga zane biyu da ɗigo, shuɗin ya koɗe amma yana nan.

Ta ce, "Duk suna nan, Baffa. Complete. Ko ɗaya bai ɓata ba." Sai ta zauna a kan buhun gishiri ta sa fuska cikin mayafi. Masu dakon nama suna wucewa suna kallonmu.

Daga baya ta gaya mini wani abu. Injiniyan da ya zo daga waje ya yi kwanaki yana aune-aune don ya gano inda ya fi dacewa a kafe layar, inda na'ura za ta ji ta sosai kuma kaya ba za su buge ta ba. Da ya gama ya nuna kusurwar sama ta hannun hagu. Aka ce musu su kankare tsatsa da tsohon fenti kafin su kafe. Ta ce abokan aikinta sun kankare, ita kuwa duk wanda ya biyo ta hannunta a kan shaidar ta kafe, ba ta taɓa fentin ba.

Muka shirya ni da ita muka hau motar haya ta danfo muka je ofishinsu. Ba kuɗi muka je nema ba. Layi biyu muke so a kan takardar kamfani, a ce an ga akwatunan a siton kamfani, Iliyasu bai ɗauki komai ba, don a karanta a masallacin da aka karɓe masa makulli, uwar 'ya'yansa ta ji da kunnenta tun tana da rai. Wani matashi mai fara'a ya karɓe mu, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Ya ce ya tausaya ƙwarai. Ya ce amma kamfani ya canja hannu, takardun wancan zamani babu su, wancan ogan ya daɗe da ajiye aiki, kuma lauyansu ba zai bari a rubuta abin da zai zama amsa laifi ba. Wannan mutumin da ke iya gaya maka inda akwati mai lamba kaza yake a wannan mintin, ya duba kwamfutarsa ya ce bai ga alamar wani Iliyasu ya taɓa aiki a wurin ba. Da za mu tafi ya ba mu kalandar kamfani guda biyu.

Da na ga haka na ce to, gani ya kori ji, bari in kai hotunan masallaci da kaina. Bayan sallar La'asar na miƙe na roƙi jama'a su ɗan dakata, waya ta zaga hannu zuwa hannu. Na'ibin nan yana nan, ya tsufa, yanzu shi ne liman. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Allahu Akbar. Ai da ma mun san Ilu ba zai ɗauka ba." Dattawan gefensa suka gyaɗa kai, kowa na cewa wallahi ya sani, tun a lokacin ma ya sani.

Wannan ta fi maganar ɗan ofishin ƙona mini rai. Na ce, "Malam, kun sani kuka karɓi makulli?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ka san bakin mutane." Ihu bayan hari ke nan, kuma masu ihun su suka buɗe wa maharan ƙofa. Na buɗe baki zan zazzage musu abin da na tara shekara goma sha uku, sai na tuna nawa laifin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na karɓi wayata na sa takalmi na fita.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har Sa'a, sai yau da za ta karanta a jarida tare da ku. 'Yan watanni bayan korarsa, muna tsugune mu biyu muna sa wa wata fata gishiri, babu kowa a rumfar, na rage murya na ce, "Yaya, tsakaninka da Allah, in akwai wani abu ka gaya mini. Ni ɗan'uwanka ne, sai mu san yadda za mu rufe." A ganina taimako nake yi. Ya ajiye gishirin da ke hannunsa, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Kai ma takarda kake so, Sule?"

Ya tashi ya wanke hannunsa ya tafi gida. Washegari ya dawo a kan lokaci kamar kullum, ya gaishe ni, ya tsuguna ya ci gaba da aiki. Bai sake ta da zancen ba, ni ma ban sake ba, kullum ina cewa gobe zan ba shi haƙuri, har ranar da bakinsa ya karkace ya kasa magana.

To me ya rage na Yaya Ilu? Kamfani ya ce bai san shi ba. Unguwa ta ce ta san shi tun da can, amma sanin bai tsinana masa komai ba. Ya bar 'ya da ta gane hannun mahaifinta a cikin ƙura ta ƙi kankare shi. Akwatunansa sun koma aiki, suna kai da kawowa tsakanin mai batir da mai gilashi, kuma duk sanda ɗaya daga cikin na hannun Sa'a ya wuce ƙofa na'ura ta yi ƙara, zane biyu da ɗigo ne a ƙarƙashin layar, ko kwamfuta ta sani ko ba ta sani ba. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya haɗiya ya zama kankarar zunubi.

Yaya, ka yarda da bakin mutum aka ci amanarka, ni kuma da muka sha nono ɗaya na kasa yarda da naka. Kamfani ya ƙi rubutawa, to ga tawa, ta makara da shekara goma sha uku. Iliyasu bai ɗauki akwatin kowa ba. Ni Sule, ƙaninka, na sa hannu.